Horaswar zaman lafiya ta matasa a Marwa: darasin ya yi, takardar sunayen ce abin dubawa

Tun da aka ji yarana biyu na shago da 'yar ƙanwata sun shiga horaswar nan ta zaman lafiya da wata ƙungiya ke yi wa matasa a Marwa, a arewacin Kamaru, iyaye ke tsayawa bakin shagona suna tambaya ko su tura nasu. Ba amsar da za a bayar ana tsaye ana gwajin riga ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta. A taƙaice, ku tura, darasin yana da amfani. Sai dai maganar da suke yi ranar farko, cewa su ba ruwansu da siyasa, ku bar musu ita a can, kada ku kai ta gida.

Ni tela ne a Barmare, kusa da babbar kasuwa. Sunan ƙungiyar ba zan faɗa ba. Irinta suna da yawa a garin nan, tsarinsu kusan ɗaya ne, kuma abin da zan faɗa zai yi wa mai karatu amfani ko wacce ce ta yi masa sallama a ƙofa. Ya kamata kuma a sani tun yanzu cewa na ci kuɗinsu, domin ni na ɗinka wa yaran fararen rigunan da suka yi faretin ranar matasa, 11 ga Fabrairu, da su. Sun biya ni cif, ba su ja ni ba. Ta wannan ɗinkin ne ma na ga abin da wasu iyayen ba su gani ba.

Duk wanda ya zauna a unguwar nan a 2015 ba ya yi wa maganar zaman lafiya dariya. Ranar 22 ga Yulin shekarar 'yan mata biyu suka tashi bam a jikinsu, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a cikin unguwarmu. Bayan kwana uku aka sake yi a unguwar Pont Vert. A watan ne aka hana sa niƙabi a jihar Arewa Mai Nisa, aka taƙaita zirga-zirgar babura, masallaci ma sai an laluba mutum kafin ya shiga. Ƙananan cikin yaran da ake ɗauka a horaswar yau shekarunsu ba su fi goma ba a lokacin. Da wannan tsoron suka girma, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayaninsa. Saboda haka da wani saurayi ya shigo shagona da jakar takardu a hammata, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce lawan, wato mai unguwa, ne ya turo shi neman matasa, ban yi masa gardama ba.

Horaswar kyauta ce. Ana yin ta ranakun Asabar a wani zaure da suke haya wajen Domayo. Zagayen da yarana suka shiga an fara shi bayan sabuwar shekarar 2025, aka kammala gab da azumi, wanda ya yi min daidai, don da an shiga ɗinkin Sallah ko sarki ne ya aiko ba zan saki yaro ba. Suna ɗaukar 'yan shekara 18 zuwa 29. Ba su suka ƙirƙiro wannan iyakar ba. Haka take a ƙuduri mai lamba 2250 da Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar a Disambar 2015 kan matasa da zaman lafiya, kuma tun daga lokacin masu ba da tallafi ke son ganin matasa a kowace takardar neman kuɗi. Ta hannun lawanai da jauroji ake nemo yaran, da limamai da fastoci, da shugabannin 'yan kalando, wato masu babur na haya.

Abin da ya fi komai kyau a wurinsu shi ne darasin sasanci, kuma a nan malamin da suka samo ya san aikinsa. Ba wa'azi yake yi ba. Yakan raba yaran gida biyu, ya ba su rigima, ya sa na uku a tsakiya. Dokar ita ce ba ka mayar da martani sai ka maimaita abin da abokin faɗanka ya ce, har shi da kansa ya yarda cewa haka ya faɗa. Sannan ya koya musu bambanta abin da mutum ke kumfar baki a kai da abin da yake bukata a zahiri, da kuma cewa mai sasanci ba alƙali ba ne, ba ya cewa wane ne mai gaskiya.

Na ga amfanin wannan da idona. Maƙwabtana biyu, mai aski da mai cajin waya, janareto ɗaya suke amfani da shi in an ɗauke wuta, kuma kullum faɗa suke kan wanda zai sayi zuwa-zuwa, man fetur na 'yan bumburutu. Ran nan abin ya kai ga mai aski ya fito da almakashi a hannu yana nuna ɗan'uwansa da shi. Babban yarona ya ajiye dutsen guga ya fita. Na ji ya ce wa mai aski, wanda ya haife shi a shekaru, “Baba, don Allah kafin ka ba shi amsa, faɗa min me ka ji ya ce.” Dattijon ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce, “Ya ce ni ɓarawon mai ne.” Mai caji ya ce shi bai ce haka ba, cewa ya yi injin aski ya fi shan mai. Aka yi ta juyawa har magana ta fito fili: mai aski damuwarsa safiyar Juma'a da jajiberin Sallah, lokacin da layi ke kai wa titi, mai caji kuwa kasuwarsa daga magariba take. Ashe ba lokaci ɗaya suke bukatar injin ba. Suka raba awoyi, kowa ya sayi man lokacinsa. Har yau suna ƙunƙuni, amma almakashi bai sake fitowa ba. Yaron da ya yi wannan, wata shida kafin nan in ka aike shi karɓo bashi sai ya dawo da sabon faɗa.

Darasin jita-jita ma ya yi. An koya musu kada su tura saƙon murya na WhatsApp sai sun san wa ya yi maganar, a ina, yaushe. In bidiyo ne su duba lambar mota, tunda namu na jihar nan da EN suke farawa, na Garwa da NO. Su duba kakin jami'an da ke ciki, su duba ko ciyawa ta yi kore alhali muna tsakiyar rani. 'Yar ƙanwata yanzu ta addabi zauren danginmu na WhatsApp da tambayar “wa ya ɗauka?” har uwarta ta kawo min ƙara.

Sun kuma taɓa abubuwan da ake jin nauyin taɓawa. Sun ɗauki rikicin Logon Birni na 2021 suka warware shi dalla-dalla: yadda ƙarancin ruwa ya sa masunta da manoma Musgum ke haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, yadda shanun Larabawa Shuwa ke faɗawa ciki, yadda aka fara a watan Agusta, aka sake ɓarkewa a Disamba har wutar ta kai Kusiri. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 44 da suka mutu da ƙauyuka 112 da aka ƙona a zagayen Disamba, dubban mutane suka tsallaka Cadi. Ƙungiyar ta kawo ɗalibai biyu na jami'ar Marwa, ɗaya daga kowane ɓangare, suka zauna benci ɗaya kowa ya faɗi abin da gidansu ya rasa. Ƙaramin yarona, wanda bai taɓa wuce Mora ba, ya dawo shago bai yi magana ba har la'asar. Haka ranar da aka yi zancen tubabbun Boko Haram, da kwamitin da gwamnati ta kafa a ƙarshen 2018 don karɓar makamansu da mayar da su cikin jama'a, mai cibiya a Mora da wurin ajiye su a Meri. Wani yaro daga wajen Kolofata ya miƙe ya ce shi ba zai iya cin abinci kwano ɗaya da su ba, an kashe masa uba. Malamin bai matsa masa ba, bai ce masa ya yafe ba, ya ce yana da haƙƙin faɗin haka, aka ci gaba. Wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Ƙananan matsalolin ba zan daɗe a kansu ba. Da Faransanci ake koyarwa, sai a taƙaita da Fulatanci, takardun da ake rabawa kuwa duk Faransanci ne. Wanda ya yi tsangaya kawai, kamar ƙaramin yarona, rabin abin a bakin na kusa da shi yake ji. Ana cewa ƙarfe takwas, amma ranar buɗewa da ranar rufewa sai a shanya yara har hantsi ya dubi ludayi ana jiran babban baƙo. Hoto kuwa kamar ana biki, kowane motsi sai an ɗaga kyallen da ke ɗauke da tambarin masu ba da kuɗi. Ana ba da burodi da sardin da lemo, da jaka biyu na sefa kuɗin mota a kowane zama, wani lokaci a hannu, wani lokaci sai an tara a turo ta waya bayan an gaji da jira. Takardar shaidar da ake bayarwa a ƙarshe tana da kyau a bango, amma kada wani ya sa ran za ta samar masa aiki.

Yanzu ga inda nake da magana.

Akwai wani darasi da ake zana bishiya a allo, a ce rikici ne ganyenta, yara su faɗi saiwoyin. Aka yi ta faɗa ana rubutawa: talauci, jahilci, tiramol, zaman banza, jita-jita, rashin tarbiyya. 'Yar ƙanwata, wadda ke raka uwarta saro kaya Kusiri, ta ɗaga hannu ta ce a rubuta hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, wadda duk wanda ya bi ta da damina ya san halinta. Aka rubuta. Ta ce a rubuta kuɗin da ake karɓa a shingaye, da yadda rigimar manomi da makiyayi kan daɗe ba ta mutu ba saboda akwai masu ci da ita a wurin sasantawa. Mai riƙe da alli, ba malamin sasanci ba, wani daga cikin shugabannin ƙungiyar, ya yi murmushi ya juya harshe zuwa Hausa don ita, ya ce, “Ƙanwata, wannan ba huruminmu ba ne. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.” Aka yi dariya, aka wuce. Da ta dawo ta ce min, “Kawu, duk saiwar da aka bari a allon, laifinmu ce. Babu ko ɗaya ta manya.”

Yarinyar ta gano abin da kyau. Ƙungiyar ba ta taɓa ce wa yaran su zaɓi wane ba, ko sau ɗaya, kuma na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Karkatarta a abin da ba a yarda a rubuta ba take. Matashi zai fito daga zauren ya iya raba mai aski da mai caji, amma an nuna masa a fakaice cewa in ƙorafinsa ya haura sama da maƙwabci, to ya zama mai tada zaune tsaye. A ganina wannan ma siyasa ce, kuma ta fi ta mai lasifika shiga jiki, tunda yaro bai san ana yi masa ita ba.

Sai takardar sunaye. Ranar farko kowa ya cike layi: suna, unguwa, lambar waya, lambar katin ɗan ƙasa, sai wani gurbi a ƙarshe, ko kana da katin zaɓe. A Kamaru sai ka kai shekara 20 kake jefa ƙuri'a, kuma hukumar zaɓe, ELECAM, kan buɗe rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta. Ka haɗa wannan da shekarun da ake ɗauka, ka haɗa da cewa zaɓen shugaban ƙasa na tafe a Oktoban 2025, za ka ga zauren cike yake da sababbin masu zaɓe. Waɗanda ba su da kati an raka su sun yi rajista, kuma ban ga aibu a nan ba, alheri ne ma. Tambayar ita ce hannun wa takardar ke komawa. Jihar nan tana da masu zaɓe fiye da miliyan ɗaya, shi ya sa shugaba Paul Biya, wanda ba ya yawan fita yaƙin neman zaɓe, a Marwa ya yi gangaminsa a 2018, ya kuma dawo a Oktoban 2025, manyan abokan takararsa ma suka zo. Takarda mai sunayen matasa da unguwanninsu da lambobinsu ba ƙaramar dukiya ba ce a irin wannan shekara.

Amsar ta same ni har shago. Lokacin faretin ranar matasa an kawo min jerin sunaye da awon kowa, wuya da kafaɗa da tsawo, an buga shi da na'ura, da tambarin ƙungiyar a sama. A watan Satumba wani mutum daban, wanda ban taɓa gani a harkar ƙungiyar ba, ya zo da turamen atamfar jam'iyya, irin mai hoton ɗan takara a cikin da'ira, ya ce riguna yake so da gaggawa, ga awo nan ba sai an kawo mutane ba. Ya miƙo min takarda. Ita ce dai, an yi mata hoto an yanke kan. Ɗigon man keken da ya zuba a gefen tawa kam ban gani ba, amma kuskuren da aka yi a sunan babban yarona, inda aka sa harafi ɗaya sau biyu, yana nan daram. Na kira yaron na ce, “Kai, ka shiga jam'iyya ne ban sani ba?” Ya ce, “Wallahi Maigida ban san zancen ba.”

Na ɗinka rigunan, sana'ata ce, kuma a watan nan babu launin jam'iyyar da bai bi ta ƙarƙashin allurata ba. Amma na soke sunaye uku, na gaya wa mutumin dalili. Bai yi musu ba, ya ce a rage kuɗin uku. Wace jam'iyya ce, ba zan faɗa ba, tela ba ya tallan awon mutane. Da Oktoba ta kama kuma sai saƙo ya shigo zauren WhatsApp na waɗanda suka gama horaswar, cewa ana bukatar “jakadun zaman lafiya” su fito tarbar wani babban baƙo, akwai kuɗin mota. Ba a ce gangamin siyasa ba ne. Waɗanda suka je su suka gane wa idonsu.

Bayan zaɓen 12 ga Oktoba gari ya ɗauki zafi, musamman da ɗan takarar adawa Issa Tchiroma Bakary ya ce shi ya ci, Majalisar Tsarin Mulki kuma ranar 27 ga wata ta ba Biya kashi 53.66, shi kuma 35.19. An yi zanga-zanga a Garwa da Duwala da nan Marwa, an rasa rayuka a ƙasar, an kama mutane da yawa. A kwanakin ƙungiyar ta yi ta tura wa yaran saƙo su zauna a gida, kuma ni ma abin da na gaya wa nawa ke nan, har na kulle shago da su a ciki muna aiki. Amma da wasu yaran suka fara tambaya a zauren, cikin ladabi, me ya sa ba za a tattauna abin da ke faruwa ba tunda an koya musu sauraron ɓangare biyu, sai aka goge saƙonnin, aka rufe zauren ya zama shugabanni kaɗai ke rubutu. Ranar da darasin ya fi kowace rana amfani, ranar aka ajiye shi.

Na sami shugaban ƙungiyar na yi masa maganar, don ba na son in rubuta abin da ban faɗa wa mutum a gabansa ba. Yaro ne mai ladabi, ya girmi yarana amma ɗa ne a wurina. Ya ce, “Baba, in ban gayyaci hukuma ta buɗe taro ba, gobe ba zan samu takardar yin wani ba. In na bar yara suna zagin manya a zaurena, ni za a kira.” Game da takardar awo ya ce ba da saninsa ta fita ba, akwai mutane da yawa da ke taɓa kwamfutar ofis. Rabin maganarsa na yarda da ita, kuma rabin farko ne.

Domin tsoron nasa ba na banza ba ne. Dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ta ce ka kai takardunka ofishin perefe, wakilin gwamnati a yankin, a ba ka rasit, taron jama'a kuma sai ka sanar da sufurefe, na ƙasa da shi, ministan cikin gida yana da ikon dakatar da ƙungiya har wata uku ko ya rusa ta in ya ga tana barazana ga doka da oda. Kuma ana amfani da ikon. A 2020 an haramta tafiyar nan ta 'yan Arewa miliyan goma da ɗan jarida Guibaï Gatama ya jagoranta. A Disambar 2024 an dakatar da REDHAC, ƙungiyar masu kare haƙƙin ɗan Adam. Ga dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, wadda a ƙarƙashinta aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a nan Marwa a Yulin 2015, bai fito ba sai ƙarshen 2017. Lawanan da ake bi ta hannunsu a samo yara su ma ba 'yan ba-ruwanmu ba ne, dokar 1977 ta sa sarakunan gargajiya mataimakan hukuma ne, kuma tun 2013 suna karɓar alawus duk wata, jaka 200 ga masu daraja ta ɗaya, 100 ga ta biyu, 50 ga ta uku. Wanda zai tara matasa a garin nan dole ya yi taka-tsantsan, na yarda. Amma taka-tsantsan bai sa a ba wani awon yarana ba.

Kada kuma a ɗauka ɓangare ɗaya ne ke wannan. Akwai wata ƙaramar ƙungiya da ɗan maƙwabcina ke zuwa, ta wasu da suka gama jami'a ba aiki, ba su da zaure, a tsakar wani gida suke zama ƙarƙashin darbejiya. Na leƙa su. Da Fulatanci da Hausa suke magana, ba burodi ba kuɗin mota, kuma suna koyar da abin da waccan ke gudu: cewa tsarewar 'yan sanda ta yau da kullum awa 48 ce da ake iya sabuntawa, amma in aka ce ta'addanci ne sai ta koma kwana 15 da ake ta sabuntawa, da yadda ake rubuta ƙorafi, da abin da za ka yi in an kama ɗan'uwanka. Ilimi ne mai amfani. Su ma ranar farko cewa suke ba ruwansu da siyasa. Da zaɓe ya matso zaurensu ya cika da hoton ɗan takara ɗaya na adawa, wanda ya kawo wani ra'ayi aka yi masa ca, aka kira shi ɗan koren gwamnati. Suka yi ta zuga yara su fito, kuma da aka kama wasu, iyaye ne suka yi ta safa da marwa da kwanon abinci, masu zugar wayoyinsu a kashe. A wurinsu duk saiwar bishiyar ta manya ce, babu ko ɗaya ta yaro. Sasanci kuwa ba su iya shi ba sam.

Ni ban ɗauki shiga jam'iyya abin kunya ba. RDPC, jam'iyyar Biya, tana da reshen matasanta, OJRDPC, da sunansa da rigarsa, jam'iyyun UNDP ta Bello Bouba Maigari da FSNC ta Tchiroma su ma suna da matasansu. Wanda ya shiga can ya san ƙofar da ya shiga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira yaro da sunan sulhu, a karɓi lambarsa, ya farka ya ga an ƙirga shi a wani layi. Kuma a Arewacin nan karkatar ƙungiya ba aƙida take bi ba, ubangida take bi. Tchiroma da Bello Bouba duk ministoci ne a gwamnati har tsakiyar 2025, kafin shekara ta ƙare sun zama 'yan takarar adawa. Duk ƙungiyar da ke cin tuwon wani babba, ranar da ya juya za ta juya, yaran da ke cikinta kuma ba za a yi shawara da su ba. Don haka tambayar “wace jam'iyya kuke yi?” ba ta da amfani, kowa zai ce babu. Ka tambayi wa ke biyan kuɗin zauren, wa ake kira uban ƙungiya ranar rufe taro, wa ke zama a kujerar gaba. Nan za ka ji.

Wa ya dace ya je? Yaro mai saurin hannu, mai zafin kai, wanda bai taɓa zama da wanda ba yarensu ɗaya ko addininsu ɗaya ba, wannan horaswar za ta gyara masa zama, kuma ban san wani wuri a garin nan da ake koyar da sasanci kyauta da kyau haka ba. 'Ya mace mai kaifin baki irin tawa za ta ƙaru, amma za ta dawo da haushi, ku shirya sauraronta. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi aboki mai ji su zauna tare. Wanda kuɗin mota ne ya kai shi, zai samu, a makare.

In za ku tura, ku je ranar farko da kanku, ba a hana iyaye. Ku ce a nuna muku takardar da za a cike kafin yaro ya sa hannu. Suna da unguwa sun isa a ba mutum takardar shaida, lambar katin ɗan ƙasa ba dole ba ce, gurbin katin zaɓe kuma a bar shi fari, na gwada tambaya an ce ba a korar kowa a kan haka. Ku gaya wa yaro cewa ranar da aka gama darasi an gama, duk kiran da ya biyo baya na tarbar baƙo ko cika fili, ya zo ya faɗa a gida tukuna. Sun ce za su buɗe sabon zagaye, kuma akwai wani ƙaramin almajirin ɗinki da na ɗauka bana, mai faɗa da kowa har da keken ɗinki, shi zan tura. Lambar wayar da za a rubuta masa ta shago ce, ni ke ɗaga ta.